Takardar Lokotoro da Cikina na Fari

Ba na jin zan taɓa mantawa da ranar Alhamis ɗin da aka zaunar da ni a gaban matan awo, aka ajiye mini ƙwan zabi uku da tsokar naman raƙumi, aka ce in ci su gani. Majo, wato babban ma'aikacin jinyarmu, shi ya ce in rubuta muku wannan, ku 'yan matan da aka turo mana bana, don ku san irin wurin da kuka zo. Na ce masa har yanzu kunya nake ji in na tuna. Ya ce in rubuta da kunyar.

Sunana Ramatu, haifaffiyar nan Tawa. Da na samu sartifika, takardar gama firamare, aka kai ni Yamai na ƙara shekara huɗu, na dawo aka ba ni farar riga a ɗakin haihuwa. Tsarin aikin kuwa ga shi. A sama akwai Lokotoro, wato likita, Nasara ne, Hausarsa ba ta wuce "zo" da "tafi" ba. Ƙarƙashinsa Majo. Sai ni, mai hawar da mata kan sikeli, in rubuta nauyinsu, in juya musu maganar Lokotoro. Can ƙasa, a takarda, sai Inna Cima, tsohuwar ungozoma da aka ɗauka don wankin zannuwa. Na ce a takarda, don rabin unguwarmu ita ta yanke musu cibi, har da ni.

Farkon daminar bara takarda ta zo daga sama, wai mata masu ciki su riƙa cin abinci mai gina jiki, abin da Nasara ke kira furotin. Aka jera ƙwai, nama da madara. Na ce wa Lokotoro ai matanmu suna cin wake da gyaɗa, suna shan fura da nono. Ya ce ya sani, amma rapor ɗin, wato rahoton da zai aika, ba shi da gurbin wake. Kumandan, Nasaran da ke mulkin ƙasar Tawa, ya ba da umarni, gumiye, wato dakarunsa masu hawan raƙuma, suka bi ƙauyuka, su Kalfu da Affala, suna tara ƙwan zabi gida-gida. Wato a karɓe ƙwai a gidan mace ranar Talata, ta tako ƙasa ta zo Tawa ranar Alhamis, a miƙa mata shi kyauta, ta yi godiya.

Wadda ba a nan ta tashi ba, ta sani cewa a wurinmu mai ciki ba ta cin ƙwai, don kada ta haifi ɓarawo. Ba ta cin naman raƙumi, don kada cikinta ya kai wata goma sha biyu kamar na taguwa. Kuma takan rage cin mai maiƙo gaba ɗaya, don kada ɗa ya yi girman da zai kasa fita. Wannan na ƙarshen ba abin dariya ba ne ga wadda ta taɓa tsayawa kan naƙudar kwana uku.

Matan ba su yi musu ba. Kowacce ta karɓi ƙwanta, ta ƙulle a bakin zane, ta tafi. Aka yi wata guda ana haka, sikeli bai motsa ba. Lokotoro ya tsaya yana buga alƙalami a kan tebur, yana tambayar inda ƙwan ke zuwa. Inna Cima tana matse zane a bakin ƙofa, ta ce da ni:

"Hwaɗa mishi shi aika a kira mazansu, su ya kamata a aza bisa sikelin. Mijin Habsu har wuya ya aje."

Lokotoro ya ce, "Me ta ce?"

Na ce, "Ta ce a ƙara haƙuri."

Majo ne daga baya ya gaya masa gaskiya. Sai Lokotoro ya yanke cewa abin da ya rage shi ne matan su gani da idonsu. A makon kuma wani raƙumin gumiye ya karye aka yanka, aka aiko masa da cinya guda. Ya ce Allah ne ya kawo, ko dai abin da Nasara ke cewa a madadin haka.

Abin da bai sani ba, ina da ciki wata uku, na fari. Kun san cikin fari ba a faɗarsa. Ko innata ban gaya wa da baki ba. Amma duk macen da ke zaune a tabarmar nan ta sani, don sun ga yadda nake kauda kai in an zuba maganin wanke daɓe. Mutum ɗaya ne a ɗakin bai sani ba, shi ne wanda aka ɗauko daga bayan teku don duba masu ciki.

Ya tsaya ya yi jawabi, ni kuma da bakina na juya: "Ga Ramatu, ta yi karatu. Za ta ci ku ga babu abin da zai same ta."

Mata suka zuba mini ido. Akwai wata Habsu daga Kalfu, wadda aka yi zancen mijinta, doguwa, siririya, ta binne 'ya'ya uku ba wanda ya kai yaye, ga na huɗu a cikinta. Ta dube ni ta ce:

"Madam, shi bai sani ba, ke kin sani. Aje abin nan."

"Me ta ce?"

"Ta ce a ci lafiya."

Kalma uku ce za ta fid da ni: ina da ciki. To, a gaban sa'o'in innata, a gaban namiji? Inna Cima ta juya mana baya. Na ɓare ƙwan. A Yamai an taɓa yi mana wannan tambayar a jarrabawa, na amsa cewa ƙwai na gina jinin uwa da jikin ɗa, na kuwa ci maki mai kyau. Amma ranar jarrabawar ba a ce in haɗiya ba. Na ci ukun, na tauna naman, mai tauri kamar igiya, ina jin idanun mata a kan maƙogwarona.

Daga ranar, kowace Alhamis sai na ci a gabansu. Sauran kwanaki kuma a ba ni ƙwai biyu da kwanon madara a ofishin Majo, shi ne shaida. Sai da cikin ya kai wata shida, riga ta daina rufuwa, sannan Lokotoro ya lura. Na zaci zai ji nauyi. Murna ya yi, har da tafi. Ya manna babbar takarda a bango da sunana a kai, duk mako a auna ni, ya ja layi yana hawa kamar hanyar tudu. Matar Kumandan ma ta zo ta gani, ta shafa mini ciki ba ta tambaye ni ba. Masu zuwa awo suka ƙaru har tabarmi suka kasa, Lokotoro ya rubuta a rapor cewa matan ƙasarmu ta Adar sun karɓi sabon tsari hannu biyu. Kallona suke zuwa yi. Ƙwai kuwa yana nan yana bin hanyarsa ta da.

Gari ya kama ƙidayar watanni tare da ni. In na bi ta wajen mahauta sai in ji, "Madam, a aje miki tozo?" Maigidana mushen lakwal ne, wato malamin makarantar boko, kullum cewa yake camfi ne kawai, kada in sa a rai. Ran nan na ji shi a ƙofar gida, murya ƙasa-ƙasa, yana tambayar wani Buzu mai kawo gishiri wata nawa ne taguwa ke yi daidai.

Ana cikin haka Habsu ta haihu, wata bai cika ba. Ɗa namiji, bai fi kurciya biyu ba. Ni na aza shi a sikeli. Bai kai suna ba. Ban san ko ƙwai zai tsai da shi ba, ba kuma zan yi muku ƙaryar na sani ba.

Ranar da Lokotoro ya ƙiyasta mini ta zo ta wuce. Kwana bakwai, kwana goma. Wani watan ya tsaya, na ji mata a bakin rijiya suna cewa saura biyu. Lokotoro ya ce cikin fari yakan yi jinkiri, haka littafi ya ce, ni ma na san haka ya ce. Sannan ya hau mota ya tafi rangadi arewa. Na daina iya cin komai. Ina cikin shanya zannuwa Inna Cima ta matso kusa da ni.

"Ɗiyata, Lahadi da sassahe ki ishe ni kasuwar bisashe. Kada ki sa wagga hwarar riga."

Na je. Ta riga ta yi magana da wani dattijon Buzu, ya tsai da taguwarsa a gefe, yana riƙe da akala. Aka ce in bi ta ƙarƙashinta sau uku, abin da ya ɗaure ya kwance. Na durƙusa, gwiwa da tafin hannu, cikina na shafar ƙasa. Ina jin nata cikin yana ƙugi a bisa kaina, ga ƙafafu huɗu kamar turaku, ba abin da nake tunani sai in ta ga damar kwanciya fa? Na bi sau uku ina karanta duk abin da ya zo bakina. Da na miƙe, dattijon ya gyara amawalinsa ya ce da Inna Cima, "Ashe 'yan lakwal ma na duƙawa."

Litinin da hantsi naƙuda ta tashi. Ba ta sake ni ba sai la'asar ɗin Talata. Kai ya fito, kafaɗa ta ƙi. Majo na can bayan labule yana tambaya, Inna Cima ta ce masa ya yi shiru, ta sauko da ni daga gadon ƙarfe, ta durƙusar da ni yadda ake yi a gida, ta sa hannu ta juya shi. Bayan ya faɗo jini ya ɓalle. Na tuna ina jin ana kiran sunana daga nesa, kamar daga cikin rijiya. Iyakar abin da zan iya rubutawa kan wannan ke nan.

Ɗan ya haura kilo huɗu. Da Lokotoro ya dawo ya ja layin ƙarshe a takardar bango, ya rubuta cewa tsarin ya yi nasara cikakkiya. Sunan Inna Cima bai shiga ba, ita ma ba ta da gurbi, kamar wake. Ita kuwa ta bi unguwa tana cewa da ba don taguwa ba, da ina nan da tulun cikina har bazara. Ba wanda ya tambaye ni. Abin da na sani shi ne, na ga matan da suka zubar da ƙasa da abin da na zubar ba su tashi ba, Majo kuma ya ce abincin nan ne ya sa na samu jinin da zan zubar. Na kuma san girman yaron nan ya kusa kai ni lahira.

Alhamis ɗin da ta wuce, zabi sun soma ƙwai, an koma rabo. Na zo aiki da yaron a baya, watansa biyar. Lokotoro ya ce in kwanto shi, ya ɗaga shi sama yana nuna wa mata cinyoyinsa. Yaro ya miƙa hannu ya fizge masa tabarau, ya kai baki. Mata suka dubi juna. Inna Cima ta ce:

"To, ƙwai ya soma aiki."

Dariya ta ɓarke har da masu riƙe ciki. Lokotoro yana lalube yana tambayar me aka ce. Na ce sun ce yaron yana da ƙarfi.

Da aka watse, Habsu ba ta tashi ba. Ta sake samun ciki, wata huɗu. Ta karɓi yaron ta aza a cinya, tana jinjina shi, tana matsa damatsansa. Can ta ce:

"Madam, ƙwan nan akwai saura?"

Inna Cima ta ce, "Ke Habsu, ba ki ga abin da ya yi ma Nasara yanzu ba?"

"Na gani, Inna. Huɗu na binne, ba wanda ya taɓa ɗaukar ko allurar wani. Wanga karon ina son wanda za a riƙa kawo mini ƙara tai." Ta gyara zama. "Amma raƙumi ba ni ci."

Inna Cima ta tashi ta tura ƙofa. Ita da kanta ta ɓare ƙwan, ta barbaɗa gishiri, ta miƙa mata, mu biyu muka juya baya har ta gama.

Abin da aikin nan ya koya mini, 'yan uwa, ba shi da yawa. Abincin da ke cikin takardar yana da amfani, ku faɗa wa mata, ku haɗa da waken da takardar ta manta. Amma ku san ba taurin kai ne ke hana su ba, tsoron naƙuda ne, kuma tsoron yana da dalili. Ku dubi mace kafin ku dubi sikeli. Kada ku sa kowa ta ci abu a gaban jama'a don a ga misali. In kuma Lokotoro ya ce "me ta ce?", ku gaya masa abin da ta ce ɗin, ku fi ni ƙarfin hali, don ni har yau ban iya ba. Habsu za ta dawo Alhamis mai zuwa bayan an watse. Wadda ke bakin aiki ta ajiye mata biyu, ta kuma tura ƙofa.