Kurciyoyin Saja Kefas

Duk wanda ya zauna Rikoto ya san Dinah, Maman Rachel, mai kunun zaƙi a bakin hanyar kasuwa, kuma ya san ba ta ƙaunar tsuntsu sai in a cikin miya ta gan shi. Ba laifinta ba ne. A gonar dawar babanta da ke gindin dutse wajen Mahuta ta yi ƙuruciya, a kan rumfar tsaro, tana jan igiyar gwangwanaye tana ihu har muryarta ta dushe. Tsuntsu a wurinta ɓarawo ne da Allah ya ba fiffike.

Sai aka haɗa ta da Kefas. Ya yi golmo, noman neman aure, a wannan gona har ya same ta, sannan ya shiga soja ya yi ta yawo da ita bariki-bariki. Ya tafi yaƙin Laberiya da baki kamar rediyo, ya dawo shiru, hannunsa na dama yana rawa. Ko shayi ba ya kaiwa baki bai zubar da rabi ba. Abin da ya gani a can bai faɗa ba, ita ma ba ta tambaya ba.

Da ya yi ritaya ya gina ɗaki uku a Rikoto, sai ya tsiro da wata ɗabi'a. Kullum da safe ya sa tsohuwar rigarsa ta kaki, ya cika aljihu da gero, ya zagaya bayan ɗaki gindin mangwaro, ya ba madafa baya. Kurciyoyi huɗu ke zuwa masa. Shekara ashirin ana haka, in wata ta mutu wata ta maye. A daidai lokacin Dinah tana tatar kunu, ba ta taɓa leƙawa ba, iyakarta mita.

"Saja guda, ka koma kiwon abincin kyanwa," in ji ta. Shi kuwa sai ya yi murmushi ya wuce.

Bara da damina ciwo ya kwantar da shi. Ranar da zai cika ya kama hannunta, ta sunkuya tana jiran maganar gida, ko ta 'yarsu Rachel, ko ma tata. Sai ya ce, "Maman Rachel, kada ki bari kurciyoyin nan su bar gidan ga." Ta ji haushi, amma ta ce to. Kuma Dinah in ta ce to, ta ce ke nan.

Bayan an share makoki ta kife turmi gindin mangwaro, ta ɗora faifai, ta zuba gero. Kafin ta juya baya gwara sun sauka. Gwara dai kun san su, 'yan mitsi-mitsi, ba kunya ba tsoron Allah, ɗaya ta gani talatin sun ji. Suka rufe faifan suna faɗa da juna, kurciyoyin kuwa suna kan reshe suna kallo, suna wannan kukan nasu mai kama da na wanda aka yi wa mutuwa. Ba wadda ta sauko. Bayan sati biyu da ta ɗaga kai, uku ta ƙirga.

Nan tsohuwar mai tsaron gona ta tashi. Ta ɗaura igiyar gwangwanaye daga madafa zuwa mangwaro, ta ja, kurciyoyi suka riga gwara tashi. Ta warware zaren tsofaffin kaset na waƙoƙin zumuntar mata ta rataya yana ƙyalli, kwana uku gwara suka mai da shi lilo. Ta canza gero zuwa masara, wai ta fi ƙarfin bakinsu, kajin maƙwabta suka yi mata godiya. Bernadette mai shagon kusa ta leƙo ta katanga ta ce, "Maman Rachel, sa musu maganin ɓera ki huta." Dinah ta ce, "In kurciya ta ci hwa?" A lokacin saura biyu.

Abu ɗaya ya rage cikin dabarun gona, mutum-mutumi. Ta kafa sanda, ta gicciya wata, ta kife ƙwarya a sama. Rigar namiji kuwa babu a gidan, dangi sun raba kayan Kefas, sai tsohuwar rigar kakin nan da hularsa da ba wanda ya so. Ta sa wa sandar, ta ɗora hularsa, ta ajiye faifan a ƙasa, ba ta kawo komai a ranta ba.

Washegari ta fito da bokiti, sai ta tsaya cak. Ga Kefas tsaye gindin mangwaro, ya ba madafa baya, iska tana motsa masa kafaɗa. Gwara sun yi layi kan katanga, ba wadda ta kusanto. Kurciyoyin nan biyu kuwa, da ta yi wata uku tana lallashi, suna kan hannun rigar na dama. Suka taka har bakin hannun, suka leƙa ciki, suka yi ta saran wurin da babu komai. Faifan da ke ƙasa ko kallonsa ba su yi ba.

Tun daga ranar gidan ya canza mata. Tana tatar kunu tana jin akwai mutum a bayanta. Ta daina shanya a can. Wata safiya ta ji bakinta ya ce, "Ina kwana, Baban Rachel," kuma abin da ya fi ba ta tsoro shi ne ta tsaya jiran amsa.

Rachel ta zo daga Kontagora, ta zagaya bayan ɗaki, ta dawo da sauri.

"Mama, don Allah ki cire wagga aba. Baba ya tahi."

"In na cire ta, su ma sun tahi."

"To su tahi mana. Tsuntsaye ne."

"Na ce mishi to," in ji Dinah, ta ci gaba da tace.

Amma gwara ba sa daɗewa da tsoro. Cikin sati biyu suka gane sojan ba ya motsi. Suka cinye geron a gabansa, suka hau kafaɗarsa suna zare zaren wuyan rigar suna kaiwa sheƙa. Kurciyoyin suka ci gaba da sauka a hannun da babu komai, suna tashi da yunwa. Ran nan sai ɗaya kaɗai ta zo.

Dinah ta ga wuyan rigar ya zama tsumma, ranta ya ɓaci. Ta je ta zare ta daga sandar, ta rasa inda za ta ajiye don ƙasa a jiƙe take, sai ta zura ta a jikinta. Warinsa na nan, sabulun soda da zufa. Ta sa hannu a aljihu ta ji ragowar geronsa, ta ɗebo, ta buɗe tafinta tana kallo.

Sai ta ji iskar fiffike a fuska, ta ji nauyi kaɗan da ƙafafu masu ɗumi a wuyan hannunta. Kurciyar ta sunkuya ta fara ci. Gwara suna kan katanga suna surutu, ba wadda ta iso, domin gwara ba ta cin abinci a hannun mutum. Ashe dabarar ke nan. Kefas bai taɓa korar kowa ba, bai taɓa amfani da faifai ba.

Hannunta ya fara rawa, kurciyar ta ɗaga fiffike za ta tashi. Dinah ta riƙe numfashi, ta tattara duk ƙarfinta a hannun nan har ya tsaya. Da ƙyar ta iya, ita mai lafiya. A nan ta tuna hannun wa ne a wurin nan kafin nata. Mutumin da ba ya iya kai shayi baki ya yi shekara ashirin yana tsayar da hannunsa cak kowace safiya, taku goma daga madafarta, ita kuwa ko sau ɗaya ba ta waiwaya ta gani ba. Kuka ya zo mata, ta hana shi fita, don in ta yi kuka hannun zai motsa.

Yanzu kunun Maman Rachel ba ya isa bakin hanya da wuri, masu babur sun gaji da mita. Wanda ya bi ta bayan katangarta da safe zai hango rigar soja tsaye gindin mangwaro, hannu a miƙe, ba ta motsi. Baƙi kan ɗauka mutum-mutumi ne. Kurciyar har yau ɗaya ce, amma tana zuwa.