Yaron da Na Tayar a Shagon Baba

Ɗazu injin fotokwafin asibitinmu ya turo takarda mai ɗumi, ƙamshinta ya tuno mini da wani dattijo ɗan Zongo, ma'aikacin shagon buga takardu a unguwar Al-Sadd, can ƙasar Larabawa.

Ni nas ce, amma ina zana labarai irin na Japan. A can masoya kan ari jaruman wani, su sake musu labari, su buga da kansu. Ranar da na kai masa nawa, na miƙa masa kaina a ƙasa. Mutum ne mai carbi, ni kuwa hotunan mutane na kawo. Ga kafil ɗinsa, Balaraben da ke da shagon, zaune a ƙofa, wanda ya hana buga kayan wasu.

Ya lashi yatsa yadda ya saba, ya buɗe daga dama.

"'Yata, wannan yaron fa?"

"Baba, mai labarin ne ya kashe shi. Ni kuma na tayar da shi."

Kafil ya ɗago kai yana kallonmu. Baba ya kifa shafin a gilashin injin, ya danna maɓalli.

"Yalla, mu yi sauri," in ji Baba. "Uwarsa na jira."

Shi Baba kam, da ya rasu, alƙalamina ya kasa dawo da shi. Allah Ya haskaka kabarinka, Baba.