Ƙananan Ramukan Malam Hammadu

Shekara talatin da ɗoriya Malam Hammadu yana haƙar kabari a wata maƙabarta da ke bayan garin Azare. Ba ruwansa da rediyo. In rayuwa ta yi tsanani, shi ke fara sani, domin kullum da safe yakan haƙa ramuka ya ajiye, manya da ƙanana, don kada a kawo gawa a tsaya jira cikin rana.

Shekarar da abinci ya gagari talaka, ƙananan ramukan daga biyu suka koma shida, kuma ba sa kwana. Abokinsa Abbas wanzami kuwa sai ya yi mako uku ba a kira shi askin suna ba. Samari sun fasa aure, matan aure na ta zuwa allurar tazarar haihuwa. Har Juwairiyya, matar ɗansa Uzairu, ta ce daga 'yarta Sadiya ta dakata.

Ana nan sai gwamnati ta aiko da tallafi asibitin unguwa: abincin yara masu tamowa, da hatsi ga masu ciki. Wallahi ciyawa sai da ta tsiro a ƙananan ramukan nan! Sadiya ta yi kumatu, tana jan gemun kakanta, shi kuma yana tsokanarta: “Amaryata, ba girki, sai ci?” Abbas ma ya sake wasa askarsa.

Rana ɗaya aka ce kaya sun ƙare, a dawo wani watan. Wani watan me! Wata huɗu ke nan Juwairiyya tana zuwa da goyo tana dawowa hannu wofi. Gashin Sadiya ya yi ja, ƙafafunta suka kumbura, ta daina kuka ma. Wannan shirun ne ya fi tsorata tsohon.

Ranar Talata da safe ya ɗauke ta a hannuwansa, ya kira ta amarya, ba ta ko buɗe ido ba. Ya ajiye ta ya tafi aiki. Ya haƙa ƙanana uku, ya kama na huɗu. Sai da ya gama ya miƙe ya dubi tsawon ramin. Ya san tsawon nan. Hannuwansa ne suka auna ta ɗazu ba da saninsa ba.

“A'uzu billahi!” Ya shiga mayar da ƙasa da sauri, abin da bai taɓa yi wa ramin da ba kowa a ciki ba. Ya kai rabi ke nan ya ji sallama daga bakin ƙofa.

Uzairu ne, riƙe da karan dawa, irin wanda ake auna mamaci da shi a kawo wa masu haƙa. Gajere ne ƙwarai.

“Baba,” ya ce, “bar shi haka.”