Ranar da Chester Ya Tsallake Danja

Shekara talatin da ɗaya Chester Nowicki ya yi yana tuƙa bas a garinmu, kuma ko sau ɗaya ɗan sanda bai taɓa tsayar da shi ba. Duk unguwa mun san haka, don shi da kansa ba ya bari mu manta. Shinge ne kawai tsakanin gidana da nasa, saboda haka na fi kowa shan labarin. Tuƙinsa kuwa sai mai haƙuri. Tun danja ba ta yi niyyar canza launi ba yake taka birki, na baya su yi ta danna ham, shi ko a jikinsa.

Ya haura tamanin lokacin da mantuwa ta ci ƙarfin matarsa Bernadine, aka mai da ita gidan kula da tsofaffi can ƙarshen gari. Ba ta tuna sunansa, amma ba ta karɓar abinci daga hannun kowa sai nasa. Kullum sha ɗaya da rabi za ka ga tsohuwar motarsa ta fito a hankali, da ƙwaryar miyar kabeji a kujerar baya. Ko ƙanƙara ake zubawa sai ya je.

'Yarsu Paulette ma'aikaciyar jinya ce a wani gari, tafiyar awa biyu. Tana son ubanta, amma tana tsoron tuƙinsa. A gabana suka yi alkawari a kicin ɗinsa.

"Baba, takardar tarar laifin tuƙi ɗaya tak. Ranar da ta zo, ka ba ni makullin."

"To, sai ki nemi kujera ki zauna," in ji shi. "Jiranki da tsawo."

Abin ya faru ne ranar jana'izar Gus, mahaucin unguwarmu. Chester ya ce in shiga motarsa mu je tare. Da aka fito daga coci kowa ya kunna fitilun motarsa da rana tsaka, kamar yadda aka saba, aka jera bayan motar gawa. Wanda ke cikin jerin ba ya tsayawa ko danja ta yi ja, sauran motoci su ke jira har a wuce. Mu ne na ƙarshe, don Chester bai yarda ya shiga tsakiya a matsa masa ba.

Ni ina ta zuba kan matar Gus da hular da ta saka, ban lura da hanya ba. Mun zo wata babbar mahaɗa, motar gabanmu da fitilarta a kunne ta wuce, danja ta yi ja, Chester ya bi ta. Sai na ga walƙiya daga kan wata sanda mai kyamarar kama masu tsallake danja. Wata mota ta ja birki da ƙara dab da ƙofata, matar da ke ciki ta dafe ƙirji.

"Mara kunya," na ce. "Ba ta ga jana'iza ba ne?"

Can gaba kaɗan motar da muke bi ta shige harabar wani kanti, wani mutum ya fito da jakar cefane. Ashe jerin ya karya kwana tun tituna biyu baya. Baƙo muke bi, wanda kawai ya manta fitilarsa a kunne. Kafin mu isa maƙabarta har an sa Gus a ƙasa.

Daga ranar Chester ya koma gadin akwatin wasiƙa. Ta taga nake hango shi tsaye bakin titi tun mai raba wasiƙu bai shigo layinmu ba. Ya buɗe, ya duba, ya rufe, sannan ya shiga mota. Ni kuma na shiga bincike kamar lauya. Wani ya ce mini ba kowace walƙiya ke kawo takarda ba, wani ya ce sai an yi wata guda. Tausayinsa ya hana ni sukuni, don na san ba kuɗin tarar ne damuwarsa ba. In makullin ya tafi, wa zai ba Bernadine abinci?

A rana ta tara na same shi da dabarata, da takardar jana'izar Gus a hannuna.

"Ka ga kwanan wata, ka ga lokaci. In takarda ta zo mu ce a jeri muke. Ni shaida ce. Za su yafe, Paulette ma ba sai ta ji ba."

"Ba a jeri muke ba, Lorene."

"Wa ya sani? Kyamara ce za ta bi mu maƙabarta ta tambaya?"

"Ke dai kin iya sharri," ya ce, har da ɗan murmushi. Sai ya cire tabarau ya daɗe yana gogewa. "Motar gawa ta yi kwana a gabana ban gan ta ba. Motoci goma sha biyu, ko ɗaya ban gani ba. Matar nan da ta ja birki, akwai kujerar jariri a bayanta. Wannan kam na gani."

Raina ya ɓaci, na ce masa taurin kansa zai sa matarsa ta kwana da yunwa. Na faɗa, kuma har yau ina jin kunyar maganar. Ya ɗauki waya a gabana ya kira 'yarsa.

"Paulette, ki zo ranar Asabar ki ɗauki motar. A'a, takarda ba ta zo ba. Ba sai na jira ta ba."

Ina jin kukanta ta cikin wayar, shi kuma yana ba ta haƙuri, kamar ita ce ta yi asarar.

Takardar dai har yau ba mu gan ta ba. Ranar Asabar aka tafi da motar. Ranar Lahadi sha ɗaya da kwata na tsaya a ƙofar gidansa da tawa na danna ham, don ban iya ba da haƙuri da baki ba. Ya fito da ƙwaryar miya, ya nufi ƙofar direba, ya tsaya, sannan ya zagayo.

Na shirya shan gyara a kowace kwana, amma hankalinsa ba ya kan tuƙina. Fuskarsa na jikin gilashi, yana kallon gidaje da bishiyoyi kamar wanda ya zo garin yau. Da muka hau gada ya miƙe zaune. Ƙasa ga kogi, ga wasu fararen tsuntsaye masu dogayen ƙafafu tsaye cikin ruwa.

"Ashe da gaske take," ya ce. "Shekara hamsin Bernadine tana zaune a irin kujerar nan tana cewa, Chester, dubi tsuntsayen can. Ni kuma in ce mata idona na kan hanya."

Ya share ido da bayan hannu, ya gyara riƙon ƙwaryar a cinyarsa.

"Rage gudu, Lorene. Bari in ƙirga su, in je in gaya mata."