Takardar Gwajin Jinina a Teburin Oga

Shekara shida na yi ina kwaɓa fulawa a wani gidan burodi a Nasarawa. Wata Litinin mai gidan, wanda muke kira Oga, ya zo da wani mutum riƙe da akwatin allurai, ya ce kowa sai an ɗebi jininsa. Ba a nemi yardarmu ba. Na miƙa hannu. Na san abin da za a gani, don na shekara uku ina shan maganin ƙanjamau, ba wanda ya sani sai yayata.

Ranar Alhamis ya kira ni ofis. Takardar sakamakon gwajina tana kan teburinsa a buɗe.

"Madam, ki je gida ki huta," in ji shi. "Abinci muke sayarwa."

Na ce to. Na rataye hular aiki, na hau keke zuwa gida a unguwar Romi, na dafa shinkafa na ci. Yayata ta yi ta kuka, ni kuwa ina kallonta kawai.

Da na je asibiti karɓar magani, nas ɗin da ke ba mu shawara ta tambaye ni ya aiki. Na faɗa mata. Ta ajiye biro.

"Wa ya ba shi sakamakonki?"

"Mai gwajin."

"Kin sa hannu?"

"A'a."

Ta ce doka ta hana gwajin dole, ta hana tona sakamako, ta hana korar mutum saboda cutar. Ta haɗa ni da wata lauya mai taimakon irinmu, lauyar ta rubuta wasiƙa shafi biyu. Ni na kai da kaina. Oga ya karanta a tsaye yana share wuya da hankici.

"Ai ba korarki na yi ba. Hutu na ce."

Na koma aiki, amma ba wurin kwaɓi ba, sai aka sa ni ƙulla ledar burodi. Lauyar ta ce wannan ma za a iya kai ƙara. Na ce a bari. Kowa ya riga ya ji. Wasu daga nesa suke gaishe ni. Wata dattijuwa mai shara ce kaɗai ta ci gaba da zama kusa da ni lokacin cin abinci, kuma ba ta taɓa ta da zancen ba.

Yayata ta ce mun yi nasara, har ta sayo lemo. Na sha rabin kwalba na kwanta, don da asuba muke fara aiki.