Sarkin Ƙofa

Kawuna shekara talatin da ɗaya yana buɗe ƙofar cocinmu, har mutane suka manta sunansa, sai dai Sarkin Ƙofa. Ba ya wa'azi, waƙa kuwa gara ma kada ya fara. Amma mabuɗi na rataye a wuyansa da igiyar takalmi, kuma matarsa ta rantse ko wanka da shi yake shiga.

Ƙofar tana da halinta. Katako ne mai nauyi da ya sauka gefe guda, sai ka sa gwiwa ka ɗaga shi kaɗan kafin mabuɗi ya juya. Duk duniya Kawu kaɗai ya san wannan, kuma bai ga dalilin da zai sa wani ya sani ba.

Ana nan sai Fasto ya dawo daga kwas na horar da shugabanni da ya yi wata uku a ƙasar waje. Ya zo da jaka cike da takardu da sabuwar doka: kowane shugaba ya koya wa wanda zai gaje shi.

"Ni ba shugaba ba ne, Fasto," in ji Kawu. "Ƙofa kawai nake buɗewa."

"To Baba, ai ba mai shiga sai ka yarda. Wane shugabanci ya fi wannan?"

Aka haɗa shi da wata tela, 'yar zumuntar mata, mai shago kusa da coci. Kawu ya koya mata komai dalla-dalla, tagar da ake fara buɗewa, inda ake ɓoye tsintsiya, bencin da ke girgiɗi. Gwiwa ce kawai bai ambata ba.

Ranar Lahadi tela ta yi ta fama da ƙofa har ɗankwalinta ya karkace, jama'a na tsaye a rana da littattafan waƙa a ka. Kawu ya tako a hankali, ya jingina da ƙofar kamar mai hutawa, ta buɗe. Ranar har dariyarsa na ji, abin da ba kasafai ba.

Fasto bai ce komai ba sai Laraba, da ya zo gidan Kawu gaisuwa. Ina tsakar gida ina guga, ina jin su.

"Baba, a can ƙasar waje na je sujada a wata majami'a da ta ninka tamu sau biyar. Mu takwas ne a ciki, duk furfura, ban da ni. Tsohon da ke riƙe mabuɗi ya nuna mini ko'ina. Da za mu rabu ya ce, duk wata yana sa a rubuta sanarwa ana neman wanda zai koya wa aikin. Shekara shida ba wanda ya zo."

"Ba su da 'ya'ya ne?"

"Suna da su. Tsohon ya ce bara ma an sayar da majami'ar unguwar gaba, an mayar da ita wurin sayar da kujeru."

Kawu ya shiga murza igiyar wuyansa. Na ji tausayinsa sosai, domin na san abin da yake tsoro: in ba ƙofa, shi wane ne a cocin nan?

Ranar Asabar da hantsi ya je shagon tela, ya ce ta ajiye keken ta biyo shi. Sau huɗu ya sa ta ɗaga ƙofar, yana mita wai gwiwar 'yan zamani ba ƙarfi.

Washegari, karo na farko a rayuwata, na ga Kawu ya shigo coci bayan an fara waƙa. Ya tsaya tsakiyar hanya yana waige-waige, don bai taɓa zama ba, kullum a bakin ƙofa yake tsaye. Matarsa ta ɗauke jakarta daga kan benci.

"Zo nan, Maigida," ta ce a hankali. "Tun kafin a haifi babbar 'yarmu nake ajiye maka wurin nan."