Birkin da Ya Ture Ƙafar Baba

Shekarar da aka fara shari'a a jiharmu ina da gareji a Daura, bakin hanyar Zango. Rumfar kwano ce da rami ɗaya da bishiyar darbejiya. Ni mutum ne da bai iya zama ba. Ko shayi a tsaye nake sha, in kuwa mota ta gagare ni, sai in yi ta zagaya ta kamar kaza mai neman wurin yin ƙwai.

Babban mai kawo mini aiki wani Alhaji ne, falken shanu mai bin kasuwannin kan iyaka. Direbansa aminin mahaifina ne, Baba nake ce masa, shi ya kai ni koyon aiki bayan rasuwar mahaifin namu. Ya haura shekara talatin yana tuƙi, ko akuya bai taɓa takawa ba, kuma ba ya bari a manta da hakan.

Alhaji ya sayo wata jif 'yar Kwatano mai birkin zamani da ake kira ABS. Abin da na sani game da birkin nan a lokacin shi ne akwai wata fitila a gaban direba, in ta kama akwai matsala, in ta mutu lafiya lau. Ilimina ke nan kaf, amma da wani ya tambaye ni, da na yi masa bayanin awa guda.

Da damina ta yi nisa, ruwa da yashi suka cinye boris ɗin ƙafafun gaba, wato ƙarafan da taya ke juyawa a kansu. Na sa sababbi, na cika giris, na ɗaure noti tamau, sannan na sassauta shi kaɗan. Haka maigidana ya koya mini a kan tsofaffin jif-jif, wai a bar wa boris wurin numfashi kada ya yi zafi a doguwar tafiya. Duk kanikawan garin haka muke yi, ba wanda ya taɓa kuka da mu.

Kwana tara da yin aikin, Baba da Alhaji suna gaba da Zango kusa da wata rijiya, garke ya shigo hanya. Baba ya rage gudu har ya koma kamar mai tafiya a ƙasa, ya taka birki, motar ta ci gaba da gangarawa ta bugi wata karsana ta karya mata ƙafa. Dole aka yanka ta. Mai gari ya sasanta su da makiyayin, amma Alhaji ya karɓe makulli, shi ya tuƙo su har garejina.

"Wallahi Alhaji na taka," in ji Baba. "Birkin ne ya riƙa turo mini ƙafa baya, yana gurnani, mota tana tafiya."

"Birki ya turo ƙafa? Malam, tsufa dai. Gyangyaɗi ka yi."

"A kawo Alƙur'ani, in yi alwala in dafa."

A shekarun nan ba a wasa da maganar rantsuwa, kowa ya ga yadda ake yin ta a gaban alƙali. Alhaji ya ɗaga hannu ya ce, "Ba sai an kai ga Littafi ba. Ga bakanike nan, ɗanka ne ma. In ya ce birki na da matsala, karɓi makullinka. In ya ce lafiya, ka je ka huta."

Na duba man birki, a cike. Na cire tayoyin baya, na leƙa na gaba ta rami, na bi bututu ɗaya bayan ɗaya, ba yoyo. Fitilar nan ta kama da aka kunna mota, ta mutu kamar yadda ta saba. Na hau kwalta na ba ta wuta, na danna birki, ta tsaya cak. Na dawo na ce, "Alhaji, ni dai ban ga komai ba." Baba ya dube ni, ya ɗauki butarsa da dardumarsa daga bayan kujera ya tafi a ƙafa.

An bar mini motar in gyara fitilar gaba da ta fashe. Raina ya ƙi kwanciya. Na san Baba da cika baki, amma ban san shi da ƙarya ba. Sai in ajiye aikin wani in ɗauki jif ɗin in fita, in yi gudu in taka, in yi gudu in taka, kullum tana tsayawa. Ranar Talata ina dawowa daga irin wannan yawo, na karya kan mota zan shiga rumfa a hankali, na ɗora ƙafa a birki. Sai na ji abin ya turo ni, yana kakkarwa yana gurnani, motar tana tafiya. Saura ƙiris in rungumi darbejiyar.

Na ja baya na sake shigowa. Sau biyar na yi, sau biyu ta maimaita, kullum a hankali, kullum ina kan karya kwana. Na sa jak na ɗaga ƙafar gaba ta hagu, na kama tayar sama da ƙasa na jijjiga. Ta amsa mini ƙwas-ƙwas. Boris ɗin da na bar wa wurin numfashi ya zauna, wurin ya ƙaru.

Ban ga haɗin boris da birki ba, don haka na hau babur na tafi shagon wani Ibo mai sayar da kayan mota, wanda ya girme ni a sanin motocin Kwatano. Ya shiga ciki ya fito da wani tsohon ƙarfen ƙafar mota, ya nuna mini zobe mai haƙora a jikinsa, da wani ɗan abu mai waya da ke fuskantar zoben.

"Wannan ido ne, Malam," ya ce. "Haƙoran nan yake ƙirga ya gaya wa kwamfuta taya na juyawa. In boris ya yi sako-sako, zobe zai riƙa kauce masa. A guje ba ya damuwa. A hankali sai ya daina gani, kwamfuta ta zaci taya ta cije, ta saki birki. Fitila ba za ta kama ba, don a ganin kwamfuta aikinta take yi. Wa ya ɗaura boris ɗin?"

"Wani ne," na ce.

Na koma na kwance ƙafafun biyu. Na ɗaure noti ina juya taya, na sassauta, na sake ɗaurewa har jijjigar ta ɓace taya kuma tana juyawa sumul, na lanƙwasa kunnen washa, ɗan faifan da ke riƙe noti, na kulle. Na shiga rumfar nan a hankali ya fi sau ashirin, birki bai sake motsi ba. Matsala ta tafi, kuma duk duniya ba wanda ya san ta taɓa zuwa sai ni.

Nan ne na ji tsoro, kuma ba zan ɓoye ba. Manyan motocin Alhaji duk ni ke duba su. Daura kuwa ba ta da girman da magana za ta ɓace a cikinta, gobe za a ce bakaniken hanyar Zango ne ya kusa kashe mutane. Da la'asar na je har ƙofar gidan Alhaji, na juya kan babur. Laraba na bi shi kara, na hango shi cikin shanu yana ciniki, na tsaya na sayi rake na dawo. Na kwance wata kafireta da ba abin da ya same ta na sake ɗaurawa. Na yi wa mai kawo mini fura faɗa a kan ludayi.

Alhamis bayan azahar na sami Alhaji a zaure na faɗa masa komai a tsaye. Ya dube ni ya ce, "Kai ka kai masa makullin. Maganar sauran motocina kuma, sai na yi tunani."

Na tarar da Baba a ƙofar gidansa yana gyaran igiyar guga. Na durƙusa na miƙa makulli, na yi masa bayanin zobe da ido da notin da na sassauta. Ya saurara har na gama, yana juya makullin a tafin hannunsa.

"Ashe na taka," ya ce a hankali.

"Ka taka, Baba. Laifina ne."

"Yaushe ka gane, ɗana?"

Na so in ce yau. Na ce, "Talata."

Ya ce, "Jiya Laraba na je wurin Alhaji na ba shi haƙuri, na ce masa gyangyaɗi na yi. Ba don in koma aiki ba. Na ga kai ka duba ka ce lafiya, sai na yarda ni ne, har na gode wa Allah da ban dafa Alƙur'ani ba."

Ya juya ya ƙwala kira cikin gida, ya ce a kawo wa ɗansa ruwa, ya sha rana. Aka kawo a kwanon sha, ya karɓa da kansa ya miƙo mini, ya tsare ni da ido har sai da na shanye.